Sa Hannun Mashahurai a Gidauniyar Yaƙi: Farashi, Daraja da Gaskiyar Labari

 

Zan yi magana a kan wani lungu na tarihi da ba a cika leƙawa ba. Idan ana karantar da tarihin yaƙi, sunayen janar-janar ake kawowa, da fagagen fama, da yarjejeniyoyin sulhu. Amma babu harsashin da ba da kuɗi aka saye shi ba, kuɗin kuwa daga aljihun jama'a ake nemo su. A Amurka da Birtaniya, masu mulki sun lura da cewa mutumin da ba zai tsaya sauraron ministan kuɗi ba zai yi sammako ya shiga layi don ya ga ɗan fim ko ɗan dambe, kuma zai kwance lalitarsa idan wannan mashahurin zai rubuta masa suna a takarda. Waɗannan takardu da hotuna da ƙwallaye sun daɗe da wuce amfanin da aka yi su dominsa. Yau haja ce mai tsada a gidajen gwanjo.

Magana ɗaya nake so mu tafi da ita gida. Sa hannu abu ɗaya tak yake tabbatarwa, wato hannun wane ya taɓa wannan takarda. Bai tabbatar da labarin da aka rataya wa takardar ba, kuma kuɗin da aka ce an biya ba lallai ne su zama darajar abin ba.

Lincoln da kasuwannin jinƙai

Mu fara da yaƙin basasar Amurka, wanda aka yi daga 1861 zuwa 1865. Cututtuka sun fi harsashi kashe sojoji a wannan yaƙi, saboda haka aka kafa hukumar sa-kai mai kula da lafiyar mayaƙan jihohin Arewa. Mata ne ƙashin bayanta. Su suka riƙa shirya manyan kasuwannin baje koli a birane, kowa ya kawo abin da yake da shi a sayar, kuɗin su tafi ga majinyata.

A 1863 matan Chicago suka roƙi Shugaba Abraham Lincoln ya ba su daftarin Sanarwar 'Yanta Bayi wanda ya rubuta da hannunsa. Ya so ya riƙe abinsa, amma ya aika musu. Aka sayar da shi dala 3,000. Shekara takwas bayan haka, a 1871, gobarar da ta cinye Chicago ta haɗa da shi.

A Yunin 1864 aka yi wata kasuwar a Philadelphia. Aka buga sanarwar guda 48, Lincoln ya sa hannu a kowace, tare da sakataren harkokin wajensa William Seward da sakatarensa John Nicolay. Dala 10 aka sa wa kowace, a lokacin da albashin ƙaramin soja bai kai dala 20 a wata ba, kuma ba duka aka sayar ba. Ɗaya daga cikinsu Robert Kennedy ya saya a 1964 a kan dala 9,500. Da aka kai ta gwanjo a gidan Sotheby's a Disambar 2010, ta tashi kusan dala miliyan 3.8.

Abin da ya fi wannan ban sha'awa shi ne labarin jawabin Gettysburg, wanda 'yan makaranta a Amurka ke haddacewa. Akwai rubuce-rubucensa biyar na hannun Lincoln, kalmominsu sun ɗan saɓa wa juna. Masanin tarihi George Bancroft ya nemi a rubuta masa ɗaya don a saka a littafin da za a sayar a kasuwar taimakon sojoji ta Baltimore a 1864. Lincoln ya rubuta gaba da bayan takarda, masu ɗab'i suka ce ba za ta yi musu aiki ba, sai ya sake rubuta wata, ya yi mata take, ya sa hannu. Wannan ta ƙarshe ita kaɗai ke da sa hannunsa, ita aka ɗauka a matsayin tabbataccen nassi, ita aka sassaƙa a bangon ginin tunawa da shi a Washington. Wani tsohon jakadan Kyuba, Oscar Cintas, ya saye ta dala 54,000 a 1949, ya yi wasiyyar a ba jama'ar Amurka, yanzu tana Fadar White House. Ke nan nassin da duniya ta sani, roƙon 'yan gidauniya ne ya samar da shi.

Fim ya shigo fage

A Yaƙin Duniya na Ɗaya gidan gwanjo na Christie's da ke Landan ya riƙa shirya gwanjo duk shekara daga 1915 zuwa 1918 don ƙungiyar Red Cross. Har firam babu hoto aka sa a kasuwa: mai zane ya yi alkawarin zana duk wanda ya fi taya. Sir Hugh Lane ya yi alkawarin fam 10,000 idan John Singer Sargent zai yi zane, amma ya mutu a jirgin ruwan Lusitania da Jamusawa suka nutsar a Mayun 1915. Daga baya aka cika alkawarin, Sargent ya zana Shugaba Woodrow Wilson, hoton yana Dublin. Suna kawai aka saya tun kafin a ga aiki.

Amurka ta shiga yaƙin a 1917, sakataren baitulmali William McAdoo ya fito da takardun lamuni don gwamnati ta ci bashi daga talakawanta. A Afrilun 1918 aka fito da taurarin fim na lokacin, Charlie Chaplin da Mary Pickford da Douglas Fairbanks, suka zaga ƙasa. Akwai sanannen hoton Fairbanks ya ɗaga Chaplin sama a titin Wall Street na New York, jama'a sun cika titi maƙil. Babu lasifika, da ƙahon magana suke ihu. Daga nan gwamnatoci suka gane cewa farin jini dukiya ce da ake iya arowa.

Yadda lamunin yake aiki

Sai a Yaƙin Duniya na Biyu abin ya zama sana'a mai tsari. Kafin mu shiga labaran taurari, ya kamata mu fahimci hajar da suke tallatawa. Ran 1 ga Mayu 1941 aka fara sayar da takardar lamuni ta talaka, Shugaba Roosevelt ya sayi ta farko daga hannun sakataren baitulmalinsa Henry Morgenthau. Mutum zai biya dala 18 da santi 75, bayan shekara 10 a ba shi dala 25. Wanda ba shi da wannan kuɗi a dunƙule, kamar 'yan makaranta, sai ya riƙa sayen kan sarkin ajiya yana mannawa a littafi; guda 75 na santi 25 sun ishe shi karɓar takarda ɗaya. Zuwa ƙarshen yaƙi an yi manyan gangami takwas, kimanin mutum miliyan 85 suka saya, jimillar kuɗin ta kai wajen dala biliyan 185.

Gwamnati na da buƙata biyu. Ta farko a fili take, wato kuɗin jirage da tankoki. Ta biyu ba a cika faɗa a kan dandamali ba: masana'antu sun koma ƙera makamai, albashi ya ƙaru, kayan saye sun yi ƙaranci, in aka bar kuɗi suna yawo a hannun jama'a farashi zai yi tashin gwauron zabo. Lamunin hanya ce ta janye kuɗin daga kasuwa har a gama yaƙi. Kuma mafi yawan abin da aka tara daga kamfanoni da manyan masu jari ya fito. Aikin taurari shi ne su sa kowane gida ya ji yana da hannu a yaƙin.

Ran 15 ga Janairu 1942, mako biyar da 'yan kwanaki bayan harin Pearl Harbor, 'yar fim Carole Lombard ta je Indianapolis, babban birnin jiharsu ta haihuwa. Duk wanda ya sayi lamuni ana miƙa masa rasidi na musamman mai hotonta da sa hannunta. A yini ɗaya aka tara fiye da dala miliyan 2. Washegari jirgin da ya ɗauko ta ya yi karo da dutsen Potosi jim kaɗan bayan tashinsa daga Las Vegas. Mutum 22 suka mutu, har da ita da mahaifiyarta. Shekararta 33. Rasidin da aka raba dubbai a matsayin tukuici ya zama abu na ƙarshe da ta miƙa wa jama'a, shi ya sa masu tara kayan tarihi ke nemansa.

Bayan wata uku aka cika jirgin ƙasa da taurarin Hollywood, cikinsu har da Bob Hope, Bing Crosby, Cary Grant, James Cagney, Olivia de Havilland, Groucho Marx, da Laurel da Hardy. Uwargidan shugaban ƙasa, Eleanor Roosevelt, ta karɓe su a fadar shugaban ƙasa ran 30 ga Afrilu, sannan suka zaga birane fiye da 10, suka tara sama da dala 700,000 don iyalan sojojin ƙasa da na ruwa. Littafin shagalin da ake sayarwa a ƙofa, idan aka same shi da sa hannun da yawa daga cikinsu, yana da ƙima ta musamman, domin da wuya a sake haɗa waɗannan mutane a wuri ɗaya da alƙalami a hannu. A 1943 kuma aka zaga birane 16 da zane-zane huɗu na Norman Rockwell a kan 'yanci huɗu da Roosevelt ya ambata. Wanda ya sayi lamuni ana ba shi kwafinsu, kuma a ranar buɗewa a Washington mai zanen da kansa ya zauna yana sa hannu. An tara fiye da dala miliyan 130.

Farashin da ba farashi ba

Yanzu ga inda mutane da yawa ke ruɗewa. Ɗan barkwanci Jack Benny ya yi suna da goga gogen Turawa ba daɗin ji, da gangan, don a yi dariya. A 1943 aka yi gwanjon wani gogensa na dala 75 a kantin Gimbels na New York, wani attajiri mai kamfanin taba ya taya dala miliyan 1.

Albert Einstein ma an je wurinsa. Aka roƙe shi ainihin rubutun maƙalarsa ta 1905 wadda ta sauya fahimtar lokaci da sarari. Ya ce ya yar da ita tun bayan da aka buga ta. Sai ya zauna a 1943, sakatariyarsa Helen Dukas tana karanta masa bugaggen nassin, shi kuma yana kwafa da hannu. An ruwaito cewa ya tsaya a wani wuri yana mamakin yadda ya tsawaita abin da zai iya faɗa a sauƙaƙe. A Fabrairun 1944 aka yi gwanjon rubutun a Kansas City, wani kamfanin inshora ya taya fiye da dala miliyan 6, daga baya aka ajiye shi a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka.

To, jama'a, shin goge ya kai dala miliyan 1? Bai kai ba, kuma ba wanda ya biya haka. A irin wannan gwanjo, mai tayi alkawari yake yi cewa zai sayi takardun lamuni na adadin da ya ambata. Kuɗinsa suna nan, gwamnati za ta mayar masa da su har da kuɗin ruwa. Kamfanin inshora dama dole ya zuba kuɗinsa a wani wuri, kuma babu inda ya fi bashin gwamnati aminci. Gogen da rubutun kyauta ce aka ɗora a kai, ga kuma suna a jaridu. Don haka duk dillalin da ya ce muku an taɓa sayar da kaza dala miliyan kaza a zamanin yaƙi, ku tambaye shi: saye aka yi, ko rance aka bayar?

Sa hannu na gaske, labari mai gyara

Ran 23 ga Fabrairu 1945 Joe Rosenthal na kamfanin dillancin labarai na AP ya ɗauki hoton mutum shida suna kafa tutar Amurka a kan dutsen Suribachi, a tsibirin Iwo Jima. Babu fuskar da ake gani sosai a hoton. Uku daga cikinsu sun mutu a tsibirin. Aka dawo gida da mutum uku da aka ce su ne sauran, John Bradley da Rene Gagnon da Ira Hayes, aka sa su gaba a gangami na bakwai. An nemi dala biliyan 14, aka samu biliyan 26. Duk garin da suka sauka sai an miƙo musu hoton ko fastar gangamin su sa hannu, kuma irin waɗanda ke ɗauke da sunayen ukun suna cikin abubuwan da aka fi nema a wannan kasuwa.

Hayes, ɗan ƙabilar Pima, bai ji daɗin rangadin ba. Ya san an yi kuskuren sunan ɗaya daga cikin mamatan, ya nace har aka gyara a 1947, aka tabbatar Harlon Block ne. Shi kansa ya rasu a 1955 yana da shekara 32, bayan fama da shan giya. Gyara bai ƙare nan ba. Masu bincike na sa-kai suka riƙa kwatanta hotunan ranar, suna duba hula da ɗamara da naɗin wando. A 2016 rundunar sojan da ta kafa tutar ta amince cewa Bradley ba ya cikin hoton, Harold Schultz ne. A 2019 ta sake amincewa cewa Gagnon ma ba ya ciki, Harold Keller ne. Adalci ne a faɗa cewa dukansu biyu sun hau dutsen a ranar: Bradley yana wurin kafa tuta ta farko, Gagnon kuma shi ya kai ta biyun sama.

Wanda ke riƙe da irin wannan hoto yau, sa hannun da ke kai na gaske ne, ba jabu ba. Amma biyu cikin ukun ba su ne a hoton ba. Abin da ke hannunsa ya daina zama shaidar waɗanda suka kafa tuta, ya koma shaidar yadda gwamnati mai gaggawar neman kuɗi ta buƙaci jarumai masu suna da fuska. A wurin mai nazarin tarihi, darajarsa ƙaruwa ta yi.

Akwai kuma abin da takarda ba ta faɗa. Zakaran dambe Joe Louis ya ba da ladan damben da ya yi da Buddy Baer a Janairun 1942 ga asusun sojojin ruwa, a lokacin da rundunar ba ta ɗaukar baƙar fata sai a aikin kicin da hidimar hafsoshi. Bayan yaƙi bashin haraji ya bi shi shekara da shekaru. Ba za ka karanta wannan a kan tikitin damben ba, ko da ya sa masa hannu.

Kasuwar yau da 'yan jabu

Inda kuɗi suka taru, 'yan damfara ba sa nisa. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar FBI ta bankaɗo wani gungu a Kalifoniya da ya cika kasuwa da sa hannun bogi na miliyoyin daloli. Har ƙwallon wasa suka fitar mai sa hannun Mother Teresa. Abin lura shi ne kayansu na zuwa da takardar shaidar inganci, wadda ita ma ta bogi ce.

Ƙwararru suna farawa da kayan rubutu. Sai a Oktoban 1945 aka fara sayar da biro a kantunan Amurka, don haka sa hannun Carole Lombard da biro ƙarya ce tsagwaronta, tunda ta rasu a 1942. Alƙalamin maka sai a shekarun 1960 ya bazu. Abin da ake sa ran gani a kayan zamanin yaƙi shi ne alƙalamin tawada ko fensir. Takarda ma tana tona asiri: daga wajen 1950 aka fara zuba mata sinadarin ƙara fari, wanda ke ƙyalli idan aka haska shi da fitilar gwaji irin ta masu duba kuɗin jabu.

Bayan jabu akwai abin da ba a yi shi don cuta ba, amma ba na hannun mai sunan ba ne. Kamfanonin fim suna da ofisoshin amsa wasiƙun masoya, inda sakatarori ke sa hannu a madadin taurari. Wani sa hannun hatimi ne aka danna, wani kuma tare da hoton aka wanke shi. Daga baya na'urar sa hannu ta yaɗu. Ana gane aikinta idan aka ɗora biyu a kan juna suka dace daidai wa daida, domin ɗan Adam ba ya maimaita sa hannunsa sak.

Mafi ƙarfin hujja ita ce salsalar abin. Malaman hadisi sun koya mana duba isnadi kafin a karɓi matani: wa ya ji daga wa? Haka mai saye na ƙwarai ke tambaya: wa ya karɓa, a wane gari, a wace rana, ta hannun wa ya biyo har ya iso nan? Littafin shagali da ya zo tare da guntun tikiti, da yankin jaridar garin, da wasiƙar wanda ya halarta, ya fi wanda ya zo shi kaɗai da takardar wani kamfani. Sannan a bincika ko mashahurin yana garin a ranar, domin jaridu sun bi sawun waɗannan tafiye-tafiye. Idan abu ya inganta, sai adana shi: a nisanta shi da hasken rana da laima, kada a manna masa salatif, kada a rufe shi da roba mai zafi, domin wannan ɓarna ce da ba ta gyaruwa.

Abin da ya shafe mu

Wani zai ce wannan duk labarin Turawa ne. Amma Yaƙin Duniya na Biyu ya ci kuɗin ƙasar nan da 'ya'yanta. An kafa asusun cin nasarar yaƙi a Nijeriya, baitulmalin En'e ya ba da gudummawa, talakawa ma sun bayar. Birtaniya ta ƙayyade fam 5,000 a matsayin kuɗin jirgin yaƙi ƙirar Spitfire ga masu tara gudummawa, kuma runduna ta 91 ta sojojin samanta sunan Nijeriya take ɗauke da shi. Dubban samarinmu sun yi yaƙi a ƙasar Bama, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 tana kai musu labarin gida. A nan ba 'yan fim aka sa gaba ba. Sarakuna da hakimai ne, kuma mai nazari yana da haƙƙin tambaya: nawa ne aka bayar da son rai, nawa ne aka bayar don ba a iya ce wa mai sarauta a'a?

Amsar irin wannan tambaya tana cikin takardu: rasidin gudummawa, wasiƙa mai hatimin sarki, littafin sallamar tsohon soja, hoton da aka rubuta suna a bayansa. Ba za su yi dala miliyan a gwanjo ba, amma babu gidan gwanjon da zai iya dawo da su idan gara ta cinye. Roƙona ga ɗalibai shi ne, wanda ya tarar da irinsu a adakar gidansu, ya ɗauki hotonsu, ya zauna da dattijon da ya san labarin, ya rubuta sunan mai abin da yadda ya same shi tun mai bayanin yana raye. Idan iyali sun yarda, a kai kwafi Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna ko Arewa House, inda masu bincike za su amfana.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi da gyare-gyare daga malamaina.  Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya raba mu da ranar da za a kafa gidauniyar yaƙi.